Shahon Fara a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun: Rayuwarsa, Ƙaurarsa da Itatuwan da Yake Sheƙa a Kansu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba rayuwar wani tsuntsu mai farauta da masana ke kira Butastur rufipennis, wanda a nan za a riƙa ce masa shahon fara saboda abincin da ya fi so. Ta bi sawunsa daga bazara zuwa bazara, sannan ta ɗora abin da aka gano a arewacin Kamaru da Nijar da Senegal a kan yanayin ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun. Matsayar maƙalar ita ce, zaman tsuntsun a wannan yanki ya rataya a kan abu biyu da ke hannun manomi da mai kiwo da malamin gona: manyan itatuwan gona a watannin Afrilu zuwa Yuni, da irin maganin da ake fesa wa fara.

Kamanninsa da danginsa

Duk yaron da aka taɓa sa wa gadin 'yan tsaki ya san shirwa, da duhun jikinta da tsagaggiyar wutsiyarta, tana shawagi a kan mahauta tana jiran a yi sake. Shahon fara bai kai ta girma ba, kuma ba ya shiga gari neman abin wafta. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya yana kaiwa wajen santimita 40, buɗin fikafikansa ya kusa mita guda, nauyinsa kuwa tsakanin giram 300 ne da 400. Macen ta ɗan ɗara namijin, kamar yadda yake ga yawancin tsuntsaye masu farauta. In yana zaune, bayansa toka-toka ne, ƙirjinsa ja-ja da zanen baƙi a tsaitsaye, maƙogwaro fari da baƙin layi a tsakiya da ɗaya a kowane gefe. Ido rawaya, ƙafafu rawaya. Sai ya tashi ake gane shi sosai, domin a lokacin ne jan da ke ɓoye a fikafikansa ke bayyana, ja mai haske, da baƙi a ƙarshen gashin. Wutsiyarsa doguwa ce, ba ta da tsaga.

Masanin dabbobi ɗan ƙasar Swidin, Carl Sundevall, shi ya fara bayyana shi a rubuce ga duniyar kimiyya a 1850. Zuriyar Butastur iri huɗu ce kacal. Uku suna Asiya: ɗaya a Indiya da maƙwabtanta, ɗaya a kudu maso gabashin nahiyar, ɗaya kuma yana haihuwa a Japan da gabashin Asiya yana gangarawa kudu lokacin sanyi. Na huɗun ne namu, kuma shi kaɗai ne a Afirka. Ƙasarsa doguwar ɗamara ce da ta taso daga Senegal ta ratsa Mali, Nijar, arewacin Nijeriya, Kamaru, Chadi da Sudan har Habasha. Na gabas sukan gangara Kenya da Tanzaniya in ba lokacin haihuwa ba.

Farautarsa ta haƙuri ce. Yakan zaɓi reshen da ba shi da ganye, ko kan suri, ko turken wuta a gefen hanya, ya zauna yana duban ƙasa. Da ya hango motsi sai ya sauko a hankali ya dira, ya damƙe, sau da yawa ya koma inda ya taso. Fara ce kan gaba, sai ƙoƙi-ƙoƙi, buzuzu, shinge ranar da ya fito bayan ruwa, ƙadangaru, ƙananan macizai, kwaɗi, ɓeraye, wani lokaci da ɗan tsuntsu. In an sa wa daji wuta kuwa halinsa yakan canza gaba ɗaya. Tsuntsun da aka saba gani shi kaɗai ko su biyu sai ya taru da yawa, gommai, wani lokaci har ɗari, suna kutsawa gefen hayaƙi suna cafke farar da ke gudun wuta tun tana sama.

Shekararsa

Abin da ya fi jan hankalin masana game da shi shi ne ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba ya barin Afirka. Bafaranshe Jean-Marc Thiollay, wanda ya fara aikinsa a tashar bincike ta Lamto a Kwaddebuwa, ya wallafa dogon nazari a 1978 kan ƙaurar tsuntsaye masu farauta a Afirka ta Yamma, kuma shahon fara na cikin misalansa mafiya fitowa fili. Zangonsa uku ne a shekara.

Da hunturu yana kudu, a dajin dogayen ciyawa mai ɗan laima, irin wanda a Nijeriya ya mamaye kudancin Kaduna da Neja da Binuwai. Can ne ake ƙone daji daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma wuta na buɗe masa ƙasa tana tono masa abinci. Da zafin bazara ya kama, ruwan farko ya fara sauka a kudu, ciyawa ta fara rufe ƙasar da ta ƙone, sai ya yo arewa zuwa ƙasar gero da dawa, inda zai yi sheƙa. Nan ne zango na biyu. In 'ya'ya sun tashi, damina ta kankama, gero da ciyawa sun yi tsawon da ba a ganin abin da ke motsi a ƙasa, da yawansu sai su ƙara gaba zuwa Sahel, ƙasar gajeriyar ciyawa, inda fara ke tsananta a Agusta da Satumba. Da kaka ta yi, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa, sai su juyo kudu.

Dalili ɗaya ne ya haɗa zangon uku. Tsuntsu ne da ke farauta da ido daga sama zuwa ƙasa, don haka kullum yana neman inda abinci ya yawaita amma ciyawa ba ta rufe shi ba. Yana tafiya ne a gaban ruwa kaɗan, yana kuma dawowa a bayansa.

Talata Mafara da Maradun suna wajen digiri 12 da rabi arewa da ikwaita, Bakura kuma ta ɗan ɗara su arewa. Ke nan yankin yana tsakiyar ɗamarar da tsuntsun ke haihuwa a cikinta, kuma yana kan hanyar masu wucewa Nijar da masu dawowa daga can.

Ƙasa iri uku a wuri ɗaya

Kafin 1974, kwarin Gulbin Sakkwato a wannan yanki ƙasar fadama ce da tudu, ana noman shinkafa da dawa a inda ambaliya ke kaiwa, gero a jigawa, da itatuwan amfani a tsattsaye cikin gonaki. A shekarar ce aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina, aka kammala ta a 1978 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin da ta tara ya shafe kimanin hekta 8,000 a ƙasar Maradun, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Filin ban ruwa da aka tsara masa, wajen hekta 23,000, ya shimfiɗu ne ta ɓangaren Mafara da Bakura. Don a daidaita ƙasar a ja magudanai, sai da aka tumɓuke itatuwa masu yawa. Diyyar gonaki da ta itatuwan amfani na cikin koke-koken da manoma suka tsaya a kai har abin ya kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980, lamarin da mutanen yankin ba su manta da shi ba har yau. Mutane ne suka fi kowa asara a wannan aiki. Amma itacen da aka hana manomi inuwarsa da 'ya'yansa, shi ne kuma wanda tsuntsu ya rasa wurin sheƙa a kansa.

Abin da ya biyo baya shi ne, a tafiyar da ba ta wuce ta sa'a guda a babur ba, mutum zai ratsa ƙasa iri uku. Akwai filin aikin Bakolori, kore shar da rani, ga shinkafa ga masara ga kayan lambu, abincin ɓera da ƙwari a wadace, itace kuwa jefi-jefi. Akwai gonakin tudu na gargajiya, inda gawo, kuka, tsamiya, ɗorawa, aduwa, kanya da darbejiya ke tsaye tsakanin kunyoyi. Sai ragowar daji, musamman ta ɓangaren Maradun. Ga mai nazarin shahon fara, da wuya a samu wurin da ya tara waɗannan kusa da juna haka a arewa maso yammacin Nijeriya.

Sheƙa, da abin da Kamaru ta koyar

Sheƙarsa ta ƙirare ce, a maraban rassa, ana shimfiɗe cikinta da ɗanyen ganye. Macen na yin ƙwai ɗaya zuwa uku, farare masu ɗan shuɗi-shuɗi da ɗigon ja kaɗan. Kwanci yakan ɗauki kusan wata guda, 'ya'yan kuma su yi sama da wata a sheƙa kafin su tashi. In aka haɗa da ginin sheƙa, ma'aurata na bukatar itacen ya zauna lafiya na wajen wata biyu da rabi zuwa uku, kuma watannin sun faɗo ne a ƙarshen rani da farkon damina. An daidaita lokacin ne yadda ƙyanƙyasa za ta zo daidai da ruwan farko, sa'ad da ƙadangaru da kwaɗi da ƙwari ke fitowa, ƙasa kuma tana nan a buɗe.

Bincike mafi zurfi da aka yi kan haihuwarsa shi ne na Ralph Buij, ɗan ƙasar Holan, da abokan aikinsa, a lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ciki da kewayen gandun dajin Waza. A kan wannan aiki Buij ya samu digirinsa na uku a Jami'ar Leiden a 2013. Sun bi wuraren sheƙa 244, wasu a dajin da aka killace, wasu a ƙasar noma da kiwo, suka wallafa sakamakon a mujallun Condor da Ibis a shekarar.

Abin da suka gano ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya saɓa wa abin da mutum zai yi zato. Yawan 'ya'yan da kowace sheƙa ke fitarwa bai bambanta sosai ba tsakanin daji da gona. Abin da ke kashe sheƙar ne ya bambanta. A daji, namun daji da sauran masu cin ƙwai da 'ya'ya ne ke yin ɓarna. A ƙasar noma kuwa, wannan ɓarna ba ta kai ta daji ba. Sun kuma ga cewa yawan sheƙa a wuri yana bin yawan itatuwan da tsuntsun ke so, kuma a ƙasar noma sheƙu sun fi nisa da juna. Ta fuskar abinci, 'ya'yan daji sun fi samun fara da ɓeraye, na gona sun fi samun ƙadangaru, kuma na daji sun fi nauyi lokacin tashi.

Ma'anar wannan ga ƙasar Mafara a bayyane take. Shahon fara ba irin gaggafa ba ne da sai daji mai nisa da mutane. Yana iya zama da manomi, yana iya haihuwa a gonarsa, in dai akwai itace kuma an bar itacen. Matsalar ita ce watannin da yake kwanci su ne watannin da dabba ta fi shiga wahala. A Afrilu da Mayu kara ya ƙare, harawa ta yi tsada, ciyawa ba ta fito ba, shanu sun rame. Ganyen gawo da na madaci da na marke ne ke riƙe su. Mai kiwo da ya hau itace da gatari a wannan lokaci larura ce ta hau da shi, kuma ba Bafulatani kaɗai ke yi ba, mai tumaki biyu a cikin gari ma yana yi. Mai wannan maƙala ba ya ganin hana datse ganye a matsayin shawara mai yiwuwa ko mai adalci. Abin da zai yiwu ƙarami ne ƙwarai: itacen da aka ga sheƙa a kansa a tsallake shi zuwa na gaba har 'ya'ya su tashi. Da yake sheƙun a warwatse suke a ƙasar noma, itatuwan da za a tsallake ba su da yawa.

Saran itace daga tushe, don gawayi ko makamashin gidajen burodi, shi ne wanda ba ya gyaruwa da wuri. Gawon da ya isa ɗaukar sheƙa ya shekara da yawa yana girma. A nan akwai abin koyi a tsallaken iyaka. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi, tare da Tony Rinaudo, suka farfaɗo da dabarar barin tohon kututture ya girma a gona ana gyara shi, wadda suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba don tsuntsu suka yi ba, don taki da makamashi da abincin dabbobi ne. Ƙasarsu ta fi ta Bakura ƙarancin ruwa.

Fara da maganinta

Farar da ta fi addabar gero a ƙasashen Sahel ita ce Oedaleus senegalensis. Tana binne ƙwai a ƙasa mai yashi a ƙarshen damina, ƙwan ya kwanta rani guda cur, ya ƙyanƙyashe bayan ruwa mai ƙarfi na farko. A damina ɗaya tana iya yin zuriya uku. Manyan suna tashi da dare suna bin iska zuwa arewa, sannan su dawo kudu a Satumba da Oktoba, daidai lokacin da gero ya fitar da kai tsabarsa ba ta bushe ba. Manyan annobarta sun zo ne bayan fari: a 1974, da kuma 1985 zuwa 1986, kuma arewacin Nijeriya ya ɗanɗana duka biyun. Duk wanda ya kwatanta tafiyar wannan fara da ta shahon zai ga hanya ɗaya suke bi, a lokaci kusan ɗaya.

Ba shi kaɗai ke cin ta ba. Balbela na ci, cilakowa na ci, shamuwa ma haka. Sai dai shamuwa ta samu gata. Tana zuwa da albishirin damina, tana sheƙa a tsakiyar gari, kuma al'ada ta hana a taɓa ta. Shahon fara yana yin aiki iri ɗaya a bayan gari, amma da yake siffarsa ta masu ɗaukar 'yan tsaki ce, abin da yakan samu daga yara shi ne danƙo.

Tsuntsaye ba za su iya tare annoba in ta riga ta ɓarke ba, kuma ba daidai ba ne a gaya wa manomin da fara ta sauka a gonarsa ya jira shaho. Amfaninsu yana a shekarun da fara ke tsaka-tsaki, suna rage ta kafin ta yi ƙwai. A nan ne zaɓin magani ke da muhimmanci. Gwajin da Wim Mullié da James Keith suka yi a arewacin Senegal a 1989 ya nuna feshin fenitrothion da chlorpyrifos ta jirgin sama yana kashe wasu tsuntsaye, yana kuma rage yawansu a wurin da aka fesa. A gabashin Nijar, kusa da Maine Soroa, masu binciken shirin LUBILOSA sun gwada fenitrothion da wani magani da aka samar daga naman gwari mai kama fara kaɗai, wanda aka sayar da sunan Green Muscle. Fenitrothion ya kashe fara nan take, amma cikin kusan mako biyu wata ta shigo ta cike gurbin. Na naman gwarin ya yi jinkirin kamawa, sai dai da ya kama, farar ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Bayan haka, aikin Mullié a Khelcom ta Senegal ya nuna tsuntsaye na ci gaba da cin fara a filin da aka fesa wa wannan magani.

Batun ya shafi cikin ɗan Adam ma. Farar da ake kamawa da sanyin asuba, a soya a barbaɗa yaji a kai kasuwa, daga gonaki take fitowa.

Filin Bakolori yana da nasa haɗarin na daban, wato jan-baki. In garken wannan ɗan tsuntsu ya sauka a shinkafa, abin da aka saba yi shi ne feshin fenthion a inda suke kwana. Bincike a Kenya ya tabbatar da cewa tsuntsaye masu farauta da ke tsintar waɗanda suka faɗi suna mutuwa su ma. Kwashe gawarwakin a binne washegari da sassafe yana rage wannan, kuma aiki ne da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su iya ɗauka.

Ƙidaya

Jerin ƙungiyar IUCN ya daɗe yana sanya shahon fara cikin tsuntsayen da ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin ƙasarsa. Amma alƙaluman yankinmu ba masu kwantar da hankali ba ne. Thiollay ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a gefen hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, tafiyar sama da kilomita 8,000, da idonsa, a yanayi iri ɗaya. A wajen gandayen da aka killace, manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100, wasu irin gaggafa huɗu da kashi 86 zuwa 93. Ƙananan shahuna ma sun ragu a waje, alhali a cikin gandaye suna nan. A watan Janairun 2024 Phil Shaw da Darcy Ogada da abokan aikinsu suka wallafa nazarin iri 42 a sassan Afirka, suka samu 37 daga ciki suna raguwa, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi muni. Wani nazari na Buij da abokansa a 2016 ya nuna kasuwannin Nijeriya ne kan gaba a cinikin gawarwakin irin waɗannan tsuntsaye don haɗa magunguna da tsibbu.

Tsohon lardin Sakkwato yana da tushen da za a ɗora a kai. A farkon shekarun 1970 Peter Mundy da A. W. Cook sun wallafa bayanan tsuntsayen Sakkwato a mujallar ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Tun 2015 kuma cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai suna shigar da abin da suka gani ta waya.

Ba za a yi maganar shiga daji a Zamfara a yau ba tare da an ambaci tsaro ba. Dajin Bayan Ruwa da wasu sassan Maradun da Bakura wurare ne da manoma da kansu suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, kuma babu malamin da ya kamata ya tura ɗalibi can don tsuntsu. Sa'ar da aka yi ita ce wannan tsuntsu na gefen hanya ne da bakin gona. Ɗaliban Jami'ar Jihar Zamfara da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, duka a Talata Mafara, za su iya ɗaukar dabarar Thiollay su rage mata tsawo: a zaɓi yanki ɗaya na hanyar Gusau zuwa Sakkwato da ɗaya a cikin filin ban ruwa, a bi su a hankali da safe, mutum biyu, a rubuta kowane shaho da shirwa da ungulu da aka gani a kowace kilomita. A yi haka a Afrilu, a Agusta, a Oktoba, a maimaita kowace shekara a kan hanya ɗaya. Sheƙa kuwa mai gona ne zai fi kowa sanin inda take, kuma da izininsa za a duba ta, daga nesa, ba tare da hawa ba. Abin da za a rubuta a kowace sheƙa huɗu ne: irin itacen, ranar da aka fara ganin macen a kwance, ko an datse rassan kafin 'ya'ya su tashi, da adadin waɗanda suka tashi.